Kurakuran da ake yi wajen auna tsohon mai bugu a besbol

Na gaji da jin magana ɗaya daga bakin waɗanda suka fara bin gasar besbol ta Amurka kwanan nan: wai tunda wane ya yi fice wajen bugu bara, bana ma haka zai yi, ko da kuwa ya haura shekara 32. Wannan shi ne babban kuskure, kuma ba 'yan kallo kaɗai ke faɗawa cikinsa ba, har da masu ƙungiyoyi.

Ku dubi Albert Pujols. Daga 2001 zuwa 2011 a St. Louis Cardinals kason bugunsa .328 ne, wato cikin zuwa dubu yakan dace a 328, ya kuma fitar da ƙwallo bayan katanga, abin da ake kira homron, sau 445. A Disambar 2011 ƙungiyar Angels ta ba shi kwantiragin shekara goma kan dala miliyan 240, yana dab da cika 32. A can kasonsa ya tsaya a .256, kuma a Mayun 2021 aka sallame shi wa'adin bai cika ba. Abin da ke ci mini rai shi ne alamun suna nan ƙarara tun kafin a sa hannu: .327 a 2009, .312 a 2010, .299 a 2011. Yawan lokutan da ya ƙi dukan jifan banza har aka ba shi zangon farko (matsayar farko da mai bugu ke nufa) kyauta ya faɗo daga 115 zuwa 103 zuwa 61. Mutumin da ya fara kai sanda ga ƙwallon da a da yake bari ta wuce, ya san hannunsa ya rage sauri, shi ya sa yake yanke shawara da wuri. Daga mai jifa zuwa mai bugu mita 18 ne da 'yan kai, ƙwallo mai gudu kan iso cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Ɗan jinkirin da ido ba ya gani ya isa ya rusa komai.

Ni dai al'adata, in mai bugu ya wuce 30, shekarunsa uku na ƙarshe nake jerawa in ga ina suka dosa. Jimillar tarihinsa kuwa nakan ajiye ta gefe sai ranar karrama shi. Bill James, mai nazarin alƙaluman besbol, ya daɗe da nuna cewa yawancinsu kan kai ganiya wajen shekara 27, wasu masu bincike sun ce 29, amma babu mai cewa 34. Miguel Cabrera ya buga .316 da homron 38 a 2016, shekara ɗaya kacal bayan haka ya koma .249 da 16.

Da ka faɗi wannan sai wani ya taso: "To David Ortiz fa? Ai yana da 40 ya buga .315 da homron 38 a 2016!" Ɗan'uwa, don Allah ka tsaya ka yi tunani. Mutum nawa suka fara wasa tare da shi? Ina suke a 2016? Duk wanda ya gaza an sallame shi tun yana 33 ko 34, babu wanda ke tuna sunansa. Waɗanda ka gani a fili suna da 40 su ne tsirarun da suka tsira daga wannan tankaɗe, kai kuma ka ɗauke su a matsayin ma'auni. Haka ake kawo Ted Williams da .388 ɗinsa na 1957, lokacin da ya riga ya manyanta. Gaskiya ne, amma Williams guda nawa aka yi? Barry Bonds kuwa, da homron 73 a 2001, zargin shan ƙwayoyin ƙara kuzari ya lulluɓe shekarun nan nasa, kada ma ka sa shi a lissafin tsufa na yau da kullum.

Wani kuskuren da ke yaudarar mutane shi ne ƙirga 'yan wasan da mutum ya shigo da su gida, wato waɗanda bugunsa ya sa suka kammala zagaye suka ci maki. A 2017 Pujols ya shigo da 101, aka yi ta tafi, alhali kasonsa .241 ne. Abokin wasansa Mike Trout da sauran da ke bugu kafin shi ne ke cika masa zanguna.

Akwai kuma masu saurin binne mutum. A 2009 Ortiz bai buga homron ko ɗaya ba sai 20 ga Mayu, aka ce ya ƙare, amma ya gama kakar da 28. Wata ɗaya ba hujja ba ce.

Kada kuma ka ruɗu don tsoho yana yawan samun zango kyauta. Willie Mays yana da 40 a 1971 ya samu 112, amma a shekarar ce aka fi fitar da shi saboda kuskure jifa uku a duk rayuwarsa, sau 123. A 1973 ya sauko .211.

Ka kuma tambayi inda ɗan wasan yake tsayawa a fili lokacin tsaro. Mai tsugunno bayan mai bugu yana cafke ƙwallo jikinsa kan riga na kowa gajiya: Joe Mauer ya bar wurin bayan buguwar kai a 2013, ya yi ritaya yana 35.

Masu cewa Pujols ya koma saurayi a 2022 da ya buga homron 24 jimillarsa ta kai 703, su duba yadda Cardinals suka yi amfani da shi. Ba kullum yake wasa ba, da wuya a sa shi tsaron fili, kuma a kan bahagwan masu jifa ya fi yin ɓarna.