Dish ɗinka mai moto ya daina juyawa? Kar ka yi saurin sayen sabo

In dish ya tsaya cak waje ɗaya, ka danna tashar tauraron Nilesat ya ƙi motsi, ka koma tauraron Badr nan ma shiru, abin da mutane ke fara cewa shine ai moto ya ƙone. Gaskiya ba kasafai yake ƙonewa ba, yawanci wuta ce bata isa gare shi ko saiti ne ya rikice. Kuma don Allah kar ka hau ka kwance noti kana tura dish da hannu, yin haka zai watsa duk jerin tauraron da mai gyara ya sha rana ya saita maka.

Mu fara da ƙaramin moto irin wanda ake ɗaurawa a jikin fol. Shi bai da wayar wuta tashi daban, kebul ɗin da ke kawo sigina daga LNB, wato na'urar da ke gaban dish mai kama sigina, shi ke kai masa wuta daga risiba, bolt 13 ko 18. To ka shiga menu ka duba LNB Power a kunne yake? Yara na wasa da rimot su kashe shi ba wanda ya sani. Sannan ka duba ko tauraron na kan DiSEqC 1.2 ko USALS, wato hanyoyi biyu da risiba ke ba moto umarni, in USALS ne lambobin garinku su zama daidai, misali Kano latitud 12.0 arewa, longitud 8.5 gabas, domin in aka yi factory reset ko aka sa sabon sofwaya duk waɗannan gogewa suke. Akwai kuma limit na gabas da na yamma, wato iyakar da aka sa wa moto ya tsaya, ka cire su tukuna ka danna Go to 0 ka ga ko zai koma tsakiya. Ka gwada kana kan tashar da aka rubuta H a saitinta, ita ce mai bolt 18, moto ya fi ƙarfi a kanta.

Inda matsalar ta fi yawa kuwa kebul ne. Damina ta wuce ruwa ya shiga kan konekta, tsatsa ta ci shi ya yi kore-kore, hoto na iya ci gaba da zuwa lafiya lau amma wutar da za ta juya moto bata wucewa, shi yasa mutum ke rantsuwa kebul ɗinsa ƙalau yake tunda yana kallo. Ga kuma kebul ɗin nan mai araha wanda cikinsa ƙarfe ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, in ya yi tsawo wutar raguwa take a hanya. Gwajin da zai raba gardama shine ka ɗauki risiba ka kai gindin dish, ka haɗa da guntun kebul mai kyau, ka danna maɓallin da ke jikin moto. In ya juya to kebul ne, ka yanke kan ka sa sabon konekta ka naɗe da tef sosai. Amma ka cire risiba daga soket kafin ka taɓa kebul, in silin tsakiya ya haɗu da na gefe zai iya ƙona maka tuna, wato ɓangaren risiba da ke karɓar sigina.

Masu babban dish na C-band kuma jak ne ke tura shi, wato sandar ƙarfe mai moto da ke miƙewa tana dawowa, da fozishina, akwatin da ke sarrafa jak, mai ba da bolt 36. Wayoyi huɗu ne, biyu masu kauri M1 da M2 na wuta, biyu sirara na sensa mai lissafa motsin jak. In ya ɗan motsa kaɗan ya tsaya, sensa ce ko wayarta ta tsinke, fozishina bai ga lissafi ba sai ya yanke wuta. In ko gezau bai yi ba ka duba fiyus, sannan ka cire M1 da M2 ka ɗan taɓa su a batirin mota, jak mai rai zai tafi a hankali, ka juya wayoyin ya dawo. In kana jin ƙugi amma baya tafiya, ƙurar hunturu da tsatsa ne suka riƙe sandar, a sauke a wanke a sa giris. Sai duk wannan ya ƙi sannan ka nufi kasuwa, kuma ka tafi da tsohon a gwada a gabanka.