Kurakuran da aka fi yi a wasan kwaikwayo kan Bafalasɗine da ɗan Isra'ila, da yadda za a gyara su

Ƙaramin zauren wasa mai kujera hamsin ko ɗari ba ya ɗaukar tankar yaƙi. Abin da yake ɗauka mutum biyu ne ko uku, da tebur, da 'yan kallon da ke jin numfashinsu. Shi ya sa marubuta ke son kawo labarin Falasɗinawa da 'yan Isra'ila irin wannan dandamali: a zaunar da mutum biyu a ɗaki guda, a ga ko za su ga juna a matsayin mutane. Niyya ce mai kyau, amma kyan niyya ba ya hana tuwo yin gudaji.

Kuskuren da ya fi kowane girma shi ne raba komai daidai wa daida. Wannan ya yi kuka, wancan ma ya yi. Wannan ya ba da labarin kakarsa, wancan ya ba da na tasa. Marubuci yana ganin adalci ya yi, alhali ya share abin da ya fi damun mutanen. Baƙin ciki kan zo ɗaya, amma hanyar da kowa ya bi ya iso ɗakin ba ɗaya ba ce. Kafin ka rubuta kalma guda ta hira, tambayi kanka: yaya kowannensu ya zo nan? In a Birnin Ƙudus suka haɗu kuma ɗayan daga Ramallah yake, to ta shingen Ƙalandiya ya biyo, da koren katin shaida na mazauna Gaɓar Yamma, da takardar izinin da ke da ranar ƙarewa. Bafalasɗinen Gabashin Ƙudus kuwa katinsa shuɗi ne, amma yawancinsu izinin zama kawai suke da shi, ba 'yan ƙasa ba ne. Na Haifa ko Nazarat yana da fasfon Isra'ila, yana cikin kusan kashi 21 cikin ɗari na mutanen ƙasar da suke Larabawa. Ko lambar mota ta bambanta: ta Isra'ila rawaya ce, kuma ita ke faɗin titin da za a bari ka bi. Gyaran ba ya cin kuɗi. Rataya agogo a bangon dandamali. Ɗaya yana shan shayinsa a natse, ɗayan yana satar kallon agogo don kada a rufe shinge. Ba sai kowa ya ambaci kalmar mamaya ba, 'yan kallo sun riga sun gan ta.

Ƙanin wannan kuskure shi ne wasan da ba shi da shekara. A shekarun 1970 da 1980 dubban leburori na fitowa daga Gaza kullum zuwa aikin gini a Tel Aviv. Bayan 2007, da aka ƙaƙaba wa zirin takunkumi, wannan zirga-zirga ta kusan tsayawa cak na tsawon shekaru. Haɗuwar da za ta yiwu a 1994, shekara guda bayan yarjejeniyar sulhu ta Oslo tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa, ba za ta yiwu a 2002 ba, lokacin da rikici ya sake ƙazancewa, balle bayan 7 ga Oktoban 2023 da yaƙin da ya rugurguza Gaza. Zaɓi shekara, zaɓi gari, ka tsaya a kansu.

Sai soyayya. Da an ce a rubuta wasa kan al'ummu biyu masu gaba, hannu sai ya miƙa kan saurayi da budurwa. An riga an yi, kuma manya ne suka yi: a 1994 gidan wasan Khan na Ƙudus da ƙungiyar Al-Kasaba ta Falasɗinawa sun haɗa gwiwa sun yi Romeo da Juliet na Shakespeare, dangin saurayi suna Larabci, dangin budurwa suna Ibrananci. Matsalar wannan tsari ita ce yana nuna rikicin kamar tsohuwar gabar gidaje biyu da aka manta mafarinta, alhali kowa a can ya san a kan me ake rigima: ƙasa, gida, ruwa, da wanda ke da ikon hana wani wucewa. In ka nace sai soyayyar, to ka san cewa babu auren kotu a Isra'ila. Hukumomin addini ke ɗaura aure, shi ya sa masu addini daban kan tafi waje, galibi tsibirin Cyprus. Amma akwai alaƙoƙin da suka fi wannan nama: magini da mai gidan da yake gina wa, likita Balarabiya da tsohon sojan da take duba wa ciwo, fursuna da gandiroba. Ko iyaye biyu. Rami Elhanan ya rasa 'yarsa Smadar a harin ƙunar baƙin wake a Ƙudus a 1997. Bassam Aramin ya rasa tasa, Abir, 'yar shekara 10, da harsashin roba na 'yan sandan kan iyaka a 2007. Sun shafe shekaru suna yawo tare a ƙarƙashin ƙungiyar Parents Circle ta iyalan da suka yi rashi, wadda aka kafa a 1995. Lura da cewa abotarsu ba ta sa sun daina maganar mamaya ba. Ita ce ma maganar da suke yi.

Harshe kuma wuri ne da ake yawan zamewa. A wasanni da yawa kowa na fahimtar kowa ba tare da wahala ba. A zahiri Falasɗinawa da dama sun iya Ibrananci, wasu a wurin aiki suka koya, wasu a kurkuku, amma Yahudawan Isra'ila masu jin Larabci sosai kaɗan ne. Wannan kansa wasa ne: waye kullum yake barin harshensa ya shiga na wani? Ko da Hausa zalla za ka yi wasanka, bar wasu kalmomi yadda suke: hawiyya, wato katin shaida, tasrih, takardar izini, da mahsom, kalmar Ibrananci ta shinge da ta shige bakin Falasɗinawa. In mutum ya fusata ko yana addu'a, ya koma harshen uwarsa, ɗayan ya tsaya bai gane ba.

Ga wanda mu Hausawa muka fi faɗawa. Mukan ɗauka kowane Bafalasɗine Musulmi ne, kowane Bayahude kuma Bature ne mai bindiga. Akwai Falasɗinawa Kiristoci a Baitalami da Nazarat tun fil azal. Akwai Yahudawan da iyayensu suka fito daga Bagadaza, Yaman da Maroko, kakarsu na waƙa da Larabci a kicin. Akwai waɗanda suka gwammace ɗauri da shiga soja. Juliano Mer-Khamis, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gidan wasan Freedom Theatre a sansanin 'yan gudun hijira na Jenin a 2006, uwarsa Arna Bayahudiya ce, ubansa Bafalasɗine Kirista. An harbe shi a ƙofar gidan wasan a Afrilun 2011. A wane layi za ka tsayar da shi? Kada ka ɗora wa ɗan wasa ɗaya al'umma sukutum a ka. Ba shi sana'a, ba shi ciwon baya, ba shi hali guda mara kyau da bai shafi siyasa ba.

Dogon jawabin tarihi ma yana kashe wasa. Mutum ya juyo ya fuskanci 'yan kallo ya fara daga 1948, da Falasɗinawa sama da 700,000 da aka raba da gidajensu, ya gangaro 1967. Gaskiya ne, amma lacca ce. Dubi dabarar Ghassan Kanafani a labarinsa na komawa Haifa, wanda ya fito a 1969, aka kuma mai da shi wasa a ƙaramin zauren Finborough na Landan a 2018. Miji da mata sun dawo gidan da suka gudu suka bari, sun tarar da Bayahudiyar da ta tsira daga kisan kiyashin Nazi tana ciki, ta kuma raini jaririn da suka bari har ya zama sojan Isra'ila. Mijin ya kalli gashin dawisun da ke cikin kasko a falo, ya lura ya ragu. Wannan kallo ya ɗauke wa marubucin shafi goma. Nemo naka: makulli, itacen lemo, tayil ɗin da ya tsage.

Na ƙarshe, rungumar rufe labule. Masu shirya wasa na sonta don 'yan kallo su fita da sanyin zuciya. Masu wasa da yawa a Gaɓar Yamma suna da suna ga irin wannan: taɗbi'i, wato mai da mamaya abin da aka saba da shi, kuma saboda shi suke ƙin aikin haɗin gwiwa da cibiyoyin Isra'ila. Ta ɗaya ɓangaren ma akwai farashi: a 2015 gwamnatin Isra'ila ta dakatar da kuɗin gidan wasan Al-Midan na Haifa saboda wasa kan wani fursuna Bafalasɗine. Wanda ya san wannan ba zai sayar da sulhu da araha ba. Rage girman abin da zai faru. Ɗaya ya faɗi sunan 'yar ɗayan daidai, bayan ya yi ta kuskurensa tun farkon wasa. Ko ya karɓi kofin shayin da ya ƙi a fitowa ta farko. Sannan mai koren kati ya dubi agogo, ya ɗauki jakarsa, ya bar rabin shayin a kan tebur.