Yadda Ake Daidaita Daɓen Gareji Mai Gangara

Gangarar da ake gani a daɓen gareji, a mafi yawan lokuta, ba kuskuren magini ba ce. Da gangan ake karkata shi zuwa bakin ƙofa, kimanin santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, domin ruwan da ya biyo mota ko na wanki ya fice waje da kansa. Saboda haka idan mota za ta ci gaba da kwana a wurin, abin da ya fi shi ne a bar gangarar, a cike ƴan kwarurrukan da ruwa ke kwanciya kawai. Daidaitawa tana zama dole ne idan za a mayar da garejin shago, ko ɗakin kwana, ko wurin ɗinki, inda ake son kanta da tebur su tsaya da ƙafafunsu ba tare da an tokare su da guntun katako ba.

Kafin komai, a tabbatar cewa ba ƙasa ce ke zama a ƙarƙashin daɓen ba. Idan akwai tsaga mai faɗi wadda gefenta ɗaya ya fi ɗaya tudu, ko kuma an ƙwanƙwasa da guduma an ji amo kamar na ganga, to akwai rami a ƙasa, kuma duk abin da aka zuba a sama zai sake tsagewa. Wannan aikin injiniya ne.

Awo shi ne matakin da bai kamata a yi gaggawa a kansa ba. Ba a buƙatar na'ura mai tsada, domin siririn tiyo na roba wanda ake ganin cikinsa, mai tsawon mita 10, ya wadatar. A cika shi da ruwa, a fitar da duk wani kumfan iska, sannan a yi alama a jikin bango, mita 1 daga ƙasa, a wurin da daɓen ya fi tudu. Mutum ɗaya ya riƙe bakin tiyon ta yadda ruwan cikinsa zai tsaya daidai kan alamar, na biyu ya zaga da ɗaya bakin zuwa kowace kusurwa da tsakiyar kowane bango, yana yin alama daidai inda ruwan ya tsaya bayan ya daina motsi. Idan aka haɗa alamomin da layin alli, an sami layi mai lebur kewaye da ɗakin, kuma daga shi ne za a riƙa aunawa zuwa ƙasa ana rubuta abin da aka samu a kan daɓen. A ɗaure zare daga bango zuwa bango don auna tsakiya, domin sau da yawa a nan ne kwari yake ɓuya.

A ɗauki misalin gareji mai tsawon mita 6 da faɗin mita 3, wanda bakin ƙofarsa ya yi ƙasa da bangon baya da santimita 6. Kwaɓin siminti da yashi ba ya jure zama siriri, don haka ko a wurin da ya fi tudu sai an ba shi kaurin santimita 3, wanda ke nufin zai kai santimita 9 a bakin ƙofa. Matsakaicin kaurin ya zama santimita 6 ke nan a kan fili mai murabba'in mita 18, wato kwaɓi ɗan sama da kubik mita 1. Idan za a haɗa kashi 1 na siminti da kashi 4 na yashi, ana buƙatar buhu 8 masu nauyin kilo 50, kuma hankali shi ne a sayi 9. Wannan lissafi yana tona wata matsala da mutane ba sa tunawa da ita sai aiki ya ƙare: ƙofar da ke buɗewa ciki ba za ta ƙara buɗuwa ba sai an rage ƙasanta ko an ɗaga ta, kuma za a sami ɗan mataki a dokin ƙofa.

Akwai garin da ake sayarwa a buhu wanda idan an dama shi yake malala ya daidaita kansa. Yana da kyau ga bambancin da bai wuce santimita 1 ko 2 ba, amma yana da tsada, yana fara daskarewa cikin minti 20 zuwa 30, kuma kowane iri yana da iyakar kaurin da aka rubuta a jikin buhunsa. Ga gangara irin ta misalinmu, siminti da yashi sun fi dacewa.

Abin da ke sa sabon daɓe ya ɓamɓare daga tsohon kusan kullum rashin shiri ne, musamman baƙin man da ya daɗe yana ɗiga daga mota. A wanke shi da ruwan zafi da garin sabulu da buroshin ƙarfe, inda kuma man ya shige ciki sosai a sassare wurin da cizil har sai an ga kankare mai tsabta. Ana gwadawa da ɗigon ruwa: idan ya nutse, wurin ya yi, idan ya dunƙule ya tsaya, da sauran aiki. Daga nan a farfasa fuskar daɓen gaba ɗaya ta yi kaushi, a share ƙura, a jiƙa shi tun daren jajibirin aiki, amma kada a bar ruwa kwance da safe. Takunkumi da tabarau wajibi ne lokacin sassara, haka ma safar hannu da takalmin roba lokacin kwaɓi, domin ɗanyen siminti yana cin fata.

A kafa katako a bakin ƙofa don tare kwaɓin. Sannan a yi ƴan tudun siminti jere biyu tsawon ɗakin, kowane a auna shi daga layin bango har samansu ya zo daidai, a haɗa su su zama hanyoyi biyu da miƙaƙƙiyar sandar alminiyum za ta bi. Yashin ya kasance na rafi mai kaifi wanda babu laka a cikinsa, ruwan kuma kaɗan, ta yadda idan an dunƙula kwaɓin a hannu zai riƙe siffarsa ba tare da ya ɗiga ba. Leburori sun fi son kwaɓi mai ruwa saboda sauƙin shebur, amma shi ne yake tsattsagewa idan ya bushe. A shafa kunun siminti da aka haɗa da ruwan SBR (wani farin ruwan gam da ke sa sabon siminti ya manne da tsohon) a ɗan fili kaɗan, a zuba kwaɓin a kai tun bai bushe ba, a daddaka shi sosai, a ja sandar ana kaɗa ta hagu da dama, sannan a goge da katakon shafe. A fara daga bangon baya ana ja da baya zuwa ƙofa. Inda zurfin ya wuce santimita 5, a fara cikewa da kankare mai ƙananan tsakuwa, a ɗora kwaɓin a kai tun yana ɗanye. Idan tsohon daɓen yana da layin da aka yanka da gangan, a yanka irinsa a sabon daidai samansa, kuma a kammala zubin duka a yini ɗaya.

Washegari a yayyafa ruwa a rufe da leda, a ci gaba da jiƙawa har kwana 7. A lokacin hunturu da bazara, da iska ke zuƙe danshi cikin ƴan sa'o'i, a rufe ƙofa kuma a riƙa dubawa safe da yamma. Ana iya takawa a hankali bayan kwana 2, amma kaya masu nauyi su jira kwana 28, lokacin da siminti ke kaiwa ƙarfin da ake lissafa masa. Wanda zai shimfiɗa ledar ɗaki ko ya yi fenti, ya manna guntun leda mai faɗin santimita 45 a daɓen da salatif ta kowane gefe, ya bar ta ta kwana. Idan da safe ya ga raɓa a ƙarƙashinta ko wurin ya yi duhu, ya ƙara mako ɗaya kafin ya sake gwadawa.