Yadda Za Ka Rubuta Labarin Tsoffin Sojojin Boma Da Suka Tafi Neman Abokinsu

Tun ina yaro akwai wani tsoho a layinmu da ke gadin wani kanti, yana da wani ɗan gwangwanin taba da ya yi tsatsa, a ciki akwai lambobin yabo guda uku da wata takarda da ta koma kalar ƙasa saboda ninki. Ran da ya ga dama sai ya buɗe ya nuna mana, ya ce wannan ta Boma ce, mu kuwa dariya kawai muke don mun ɗauka Boma wani ƙauye ne can bayan Legas. Sai da na girma na gane mutumin nan ya ƙetare teku ya yi yaƙi da Japan a dajin Burma, ƙasar da yanzu ake kira Miyanma, ya dawo ya ƙare a kan benci da tocila. To in kana neman labarin kasada mai tarihi a ciki, wallahi ba sai ka je aro ba, ga shi nan a ƙofar gida: tsoffin sojoji uku ko huɗu, abokinsu ya ɓata a yaƙi, bayan shekaru suka ji ƙishin-ƙishin ɗin yana raye, suka ɗaura ɗamara. Ga yadda ni dai nake ganin ya kamata a tunkare shi.

Kafin ka raɗa wa kowa suna, zaɓi shekara. Na san abin zai yi ma wasu kamar wasa amma nan ne yawancin masu rubutu ke faɗuwa. Yaƙin ya ƙare a watan Agustan 1945, sojojinmu da yawa sai a 1946 suka dawo gida. Wanda ke da shekara 35 a 1944, irin su saje da samanja, a 1959 ya kai 50, ƙarfinsa ya fara ja baya amma zai iya tafiya. In ka kai labarin 1990 ka ga ya haura 80, sai dai ka ɗauke shi a keken guragu. Sannan taswirar ma canzawa take, Indiya da suka sani a lokacin yaƙi an raba ta a 1947, Chittagong da suka bi ta koma cikin Pakistan ta Gabas, ba ta zama Bangaladash ba sai 1971. Burma ta samu 'yanci ranar 4 ga Janairun 1948, a 1962 kuma Janar Ne Win ya yi juyin mulki ya kusan rufe ƙasar gaba ɗaya, baƙo shigarsa ta zama aiki. Shi ya sa ni da zan rubuta, tsakanin 1957 da 1960 zan ajiye shi. Ga ƙarin riba, a gida ana ta hayaniyar mulkin kai, kowa na kallon gaba, su kaɗai ne ke waiwaye.

Kuma ka kula da kuɗi. Babu naira sai 1973, mutanenka fam da sule da sisi da kwabo suke ƙirgawa. Na taɓa karanta wani rubutu da aka ba soja a zamanin Turawa naira biyar, nan take na ajiye.

Sai rundunar da suka fito. Sojojin Afirka ta Yamma na Ingila a lokacin runduna biyu manya aka tura Burma, ta 81 da ta 82, an haɗo 'yan Najeriya da Gwalkwas wato Gana ta yau da Saliyo da Gambiya. Ta 81 tambarinta baƙin gizo-gizo ne, Anansi na tatsuniyar mutanen Gana, wanda dai shi ne Gizon namu na Ƙoƙi, su ne suka yi fama a kwarin kogin Kaladan a 1944. Ta 82 tambarinta mashi biyu a gicciye kan gammo, su suka gangara yankin Arakan, kuma rundunonin biyu sun haɗu wajen kama Myohaung a Janairun 1945. Akwai kuma bataliyoyin Najeriya uku da aka ware aka haɗa da dakarun Chindit na Janar Wingate, waɗanda ake jefawa can bayan layin abokan gaba. In sunayen nan sun yi maka kamar ka taɓa ji, ka taɓa ji ɗin, barikin Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, Burma Camp a Ankara ta Gana, duk daga can aka kwaso su. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta, kar ka sa mutum ɗaya ya yi yaƙi a kowane fage kamar aljani.

Gammon nan na tambari ba ado ba ne fa. Dajin ba hanyar mota, abinci da harsashi ta jirgin sama ake jefo musu da laima, sannan akwai dubban sojoji da aikinsu ɗaukar kaya ne a ka, da adda a hannu suna sarar gora suna buɗe hanya, da yawansu ma ba su riƙe bindiga. Ni a ganina wanda ya ɓata ɗin ka sa ya zama cikin waɗannan. Ba wanda ya rubuta labarinsu, ba wanda ya ba su wata babbar lamba, kuma irinsu ne za a iya bari a baya a ce ai ya mutu ba a tsaya an duba da kyau ba.

Yanzu ga inda ya kamata ka zauna ka daɗe, don nan ne ran littafin yake. Me ya sa za su tafi, kuma me ya sa sai yanzu? Zumunci kawai bai isa ya tayar da magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara ya nufi bangon duniya ba. Dole kowannensu akwai abin da ke cin sa a rai wanda bai gaya wa sauran ba. Misali samanjan shi ya ba da odar a ja da baya a daren, ya ji muryar yaron yana kira daga bakin rafi ya yi kamar bai ji ba, shekara goma sha biyar yana jin muryar nan duk sanda ya sa goshi a ƙasa. Kofur ɗin kuwa da ya dawo shi ya kai wa iyalin labarin mutuwa, daga baya ma shi ya auri matar, har sun haihu. To in mutumin na raye auren nan ya matsayinsa? Ka ga tafiya ta yi nauyi tun ba a fita gari ba, ɗaya na addu'ar a same shi ɗaya na addu'ar kar a same shi, kuma suna cin tuwo a kwano ɗaya. A nan ka je wajen malami ka tambayi hukuncin matar wanda ya ɓata, a Malikiyya akwai batun jiran shekara huɗu sannan idda, amma hukuncin na sauyawa dangane da inda mutum ya ɓata da yadda ya ɓata, kar ka yanke fatawa da ka. Na ukun ka bar shi ya zama mai ban dariya, wanda ya cinye giratutinsa a wata uku, yana bin wanda ya ɓatan bashin sule goma kuma ya rantse sai ya karɓa. Irin wannan mutumin shi ke sa mai karatu kuka a ƙarshe, ban san dalili ba amma haka ne.

Labarin cewa yana raye ta ina zai zo? Aikin hajji. Alhaji ya dawo daga Makka ya ce ya gamu da wani mutumin Arakan a Mina wanda ya gaishe shi da Hausa, ya ce a ƙauyensu akwai wani baƙin mutum mai tsage a fuska da ya koya masa. Shi ke nan, wuta ta kama. Kuma kar wani ya ce maka ƙarya ta yi yawa, ya faru da gaske: Isaac Fadoyebo, ɗan Najeriya daga ƙasar Yarbawa, an harbe shi a bakin Kaladan a 1944, shi da wani ɗan Saliyo wasu Musulmin ƙauye suka ɓoye su suna ciyar da su wata da watanni har aka zo aka cece su, alhali a gida an riga an fitar da rai. Arewacin Arakan Musulmi na da yawa, su ne Rohingya da muke ji a labarai yau, don haka Bahaushe zai iya shiga sahu ya yi salla, ya ji liman ya ja fatihar da ya sani, ya ji kamar ya dawo gida alhali ko kalma ɗaya ta yarensu bai iya ba.

Hanya kuma. A lokacin yaƙi runduna ta 81 jirgin ruwa ta shiga daga Legas ta zagaya ta Afirka ta Kudu zuwa Bombay, sai jirgin ƙasa ya ratsa Indiya da su. Amma tsoffin sojoji masu gadi da faci ba su da kuɗin wannan, kuma ma hanyar alhazai ta ƙasa ta fi daɗin labari nesa ba kusa ba. Kano zuwa Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ita ce Njamena, Abeche, a tsallaka Sudan ta Junaina, Fashir, Al-Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa, Khartoum, sai Port Sudan ko Sawakin a ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Duk hanyar nan akwai Hausawa da Fulani da suka yada zango suka zauna, kamar Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, to guzuri zai ƙare, za su tsaya cirar auduga a Jazira, ɗaya zai ga bazawara ya ce shi fa nan ya tsaya. Daga Jidda akwai jiragen ruwa masu mayar da alhazan Indiya da Pakistan gida, sai su san yadda za su maƙale. In sun isa ba lafiya lau za su tarar ba, a shekarun nan akwai 'yan tawaye a arewacin Arakan ana ɗauki ba daɗi da sojan gwamnati, baƙi uku baƙaƙe masu tafiyar soja kowa zai ɗauka 'yan leƙen asiri ne. Kasada ta samu ba sai ka ƙirƙiro dodo ba.

Ka yi hankali da damina. Daga wajen Mayu zuwa Oktoba ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, rafukan da suke kira chaung su cika su batse, tafiya sai a kwalekwale, ga matsattsaku na shiga takalmi, ga sauro. Mutumin Katsina ko Damagaram da ya saba hango gari tun daga nesa, ka sa shi a dajin da rana ba ta taɓa ƙasa, wannan tsoron kaɗai ya ishe ka babi guda.

Maganarsu ma aiki ce. Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya, har Turawan hafsoshi sai sun koya, kuma akwai wata gurguwar Hausa da ake kira Barikanci wadda waɗanda ba Hausawa ba ke yi. Sa ɗaya cikin tawagar ya zama Batibi ko mutumin Barno ko ɗan kudu mai irin wannan Hausar, don sojan nan ba Hausawa zalla ba ne. Su riƙa cewa fareti, kofur, samanja, farabiti, oda, gadi, igwa, gurneti. Kuma bayan shekara goma sha biyar da tuɓe kaki har yanzu in samanja ya yi gyaran murya sai kofur ya miƙe, ko da kuwa yanzu kofur ɗin ne mai kuɗi shi ke biyan kuɗin mota. Wannan kaɗai ya fi shafi goma na bayanin halinsu. Bindigar ma ka san ta, mai ɗan kunne ce da ake ja a mayar bayan kowane harbi, da Bren mai ƙafa biyu, kar ka ba su AK, lokacin yaƙin ba a ƙera ta ba.

Bincike ba sai ka je Landan ba. Akwai Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, a nemi tsoffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, za ka ji yadda Hausar lokacin take da yadda ake ba da labarin yaƙin Hitila. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel tana da sunaye a intanet kyauta, a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da namu. Ka kai mutanenka wajen, su sa wani yaro ya karanto musu don su ba su iya boko ba, su ji sunan abokinsu da lambarsa a jikin dutse cikin matattu alhali suna da labarin yana raye. Sannan ka je ofishin 'yan lijon na garinku, wato ƙungiyar tsoffin sojoji, waɗanda suka je ɗin kusan duk sun riga mu gidan gaskiya amma 'ya'ya da jikoki na nan, gwangwanaye irin na tsohon layinmu na nan a ƙarƙashin gado. Sai dai duk abin da ka samo kar ka juye shi gaba ɗaya a littafi, in ka ga ka yi shafi biyu ba wanda ya yi magana ba wanda ya motsa, goge.

Ƙarshen kuma don Allah kar ka yi mana na fim, a rungume juna a hau jirgi a dawo ana kiɗa. Su same shi yana dashen shinkafa da zane ɗaure a ƙugu, bakinsa ja da goron can da suke taunawa da ganye, yana da mata da 'ya'ya biyar, Hausar ta fara kuɓuce masa sai ya tsaya ya lalubo kalma. Samanja ya buɗe baki zai nemi gafara, shi kuma ya katse shi ya tambaya ko tsohuwarsa na da rai, sannan ya tambaya ko kukar nan ta bakin kasuwa tana nan. Kofur na gefe ya kasa ɗaga kai. Zai biyo su ko ba zai biyo su ba, wannan kai za ka yanke, amma ni da ni ne a can zan bar shi, in sa ya shiga ɗaki ya ɗauko kuɗin can ya ƙirga daidai sule goma ya miƙa wa mai bin sa bashi, shi kuma ya ƙi karɓa ya ce ai ba irin wannan kuɗin ya ba shi ba.