Kurakuran da aka fi yi wajen ba yaro mai sefsis maki a bakin gado

Sefsis shi ne ƙwayar cuta ta shiga jiki, jiki ya tashi yaƙarta, yaƙin ya fi ƙarfinsa har huhu, zuciya ko ƙwaƙwalwa su fara gazawa. An ƙirƙiro ma'aunan maki ne don likita ko nas su gane yaron da ke cikin haɗari tun da sauran lokaci. Amma makin da aka haɗa ba daidai ba ya fi rashin maki illa, domin yana kwantar da hankalin da ya kamata ya tashi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar abin da ba a auna ba a matsayin lafiya lau. Dubi ma'aunin Phoenix da ya fito a Janairun 2024. Yana duba numfashi, zuciya da jijiyoyin jini, daskarewar jini, da ƙwaƙwalwa. Yaron da ake zargin yana da ƙwayar cuta, idan ya kai maki 2, sefsis ne. To amma wasu makin sai da gwajin lab, kamar laktet (sinadarin da ke taruwa a jini idan oksijin bai ishi jiki ba) da filatilet (ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare), kuma gwajin da ba a yi ba sifili yake bayarwa. A asibitin da babu kayan gwajin, yaro na iya fitowa da maki 1 alhali yana hannun Allah. Binciken da aka gina ma'aunin a kansa ya nuna yaran da suka cika sharaɗin, kashi 7.1 cikin ɗari suka rasu a asibitoci masu wadatar kayan aiki, kashi 28.5 a marasa wadata. Maki iri ɗaya ne, sakamako daban. Gyaran: rubuta “ba a auna ba” a fayil, kada ka rubuta sifili. Idan babu lab, koma kan ma'aunin da ido da hannu suke iya cikawa, irin LODS da aka samo daga yaran Afirka masu tsananin maleriya, mai suna daga Lambarene ta Gabon: dogon suma, numfashi mai zurfi, da kasa zama ko kasa kama nono.

Waɗanda suka tsara Phoenix ma sun faɗa da kansu cewa ba na tantancewa a bakin ƙofa ba ne. Kada a jira maki ya cika kafin a fara magani. Jagorar kula da sefsis a yara ta 2020 ta ce a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awa 1 idan jini ya daina zagayawa yadda ya kamata, cikin awa 3 idan bai kai nan ba.

Sai aron awon manya. Ma'aunin qSOFA na 2016 yana ba da maki idan numfashi ya kai 22 a minti, wanda jariri mai ƙoshin lafiya yake wucewa yana barci. Iyakokin saurin numfashi a minti na Hukumar Lafiya ta Duniya su ne 60 ga ɗan ƙasa da wata 2, 50 daga wata 2 zuwa 11, 40 daga shekara 1 zuwa 5. Kuma bifi (ƙarfin bugun jini) ɗin yaro ba ya faɗuwa sai a ƙurarren lokaci. Mai jiran faɗuwarsa ya makara.

Shi kansa awon akan yi masa gaggawa. Numfashin jariri ba ya tafiya a jere, don haka a ƙirga minti guda cur, yaro yana kwance ba ya kuka. Da hunturu, yatsa mai sanyi kan jinkirta dawowar jini bayan an danna farce. A gwada a ƙirji. Na'urar oksijin ta yatsa takan nuna lamba sama da gaskiya a baƙar fata. Mai tamowa kuwa yana iya ɗauke da cuta mai tsanani jikinsa ba zafi, har ma da sanyi. Duk yaron da hankalinsa ya gushe, a duba masa suga nan take.

Akwai kuma masu ganin maki ya yi sama sai su buɗe ƙarin ruwa da gudu. Gwajin FEAST na 2011 a Yuganda, Kenya da Tanzaniya, kan yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani, ya nuna kashi 10.5 na waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun rasu cikin awa 48, a kan kashi 7.3 na waɗanda ba a yi wa ba. Inda babu ɗakin kulawa ta musamman, kuma bifi bai faɗi ba, ruwa a hankali ake sawa. Mai gudawa da ruwan jikinsa ya ƙare, nasa tsarin daban ne.

Na ƙarshe, maki sau ɗaya a ranar kwanciya. Yaron ƙarfe 8 na safe ba shi ne na la'asar ba. A sake awo, a rubuta lokacin kusa da lambar. Idan uwa ta tare ka ta ce, “Likita, tun azahar bai kama nono ba,” koma bakin gadon ka sake ƙirgawa daga farko.