Gyaɗar asibiti magani ce, kada a raba ta

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Ga wadda aka rubuta wa ɗanta Plumpy'Nut, wato gyaɗar nan ta cikin leda, a asibitin tamowa, don Allah ki saurara.

Wannan ƙullin na yaro ɗaya ne. Gwargwadon nauyinsa ake ƙirga masa na mako guda, kyauta. Na san halin yara, da kin yage bakin ledar sai yayyensa su kewaye ki da ido, zuciyar uwa kuwa sai a hankali. Amma in kika lasa wa kowa, ranar awo ma'aunin nan da ake ɗaurawa a damtse zai iya tsayawa a kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani, ki yi ta mamaki.

Kada ki dama shi a kunu ko ruwa. Ki wanke hannunki da nasa, ki fara ba shi nono in yana sha, sannan ki matsa masa kaɗan-kaɗan, da tsabtataccen ruwa a kusa, don yana sa ƙishi.

In ya ƙi ci, ko yana amai, ko ƙafafunsa sun kumbura, kada ki jira ranar karɓa, ku koma asibiti a ranar.