Yadda ake haɗa gawayi da totuwa da ɓawon gyaɗa a gida

Duk wanda ke sayen gawayi yanzu ya san yadda kuɗin buhu ya tashi, ga itatuwan daji kullum sai ƙarewa suke, alhali bayan girbi totuwar masara da ɓawon gyaɗa da karan dawa suna nan jibge ana banka musu wuta a banza. Wallahi abin nan yana ci min rai.

Farko ki samu duro na ƙarfe, a huda ƙasansa kamar wuri biyar ko shida, a ɗora shi kan duwatsu uku don iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Ki zuba totuwa da ɓawon gyaɗa da kara da aka sassara, amma fa su bushe ƙayau, ɗanye hayaƙi kawai zai cika miki gida. In kina kusa da masu injin casa irin na Kura za ki samu buntun shinkafa da araha, sai dai kar ya yi yawa, tokarsa yawa gare ta.

Ki kunna wuta. Nan ne aikin yake, kar ki tafi ki bar shi. Da farko hayaƙin fari ne fat mai kauri, in kin ga ya sirance ya fara komawa shuɗi-shuɗi to lokaci ya yi, ki rufe da murfi, a janye duwatsun duron ya zauna a ƙasa, a liƙe gefen da laka ta yadda iska ba za ta samu hanya ba. Ki bar shi ya huce, ko ya kwana. In kika yi gaggawar buɗewa wuta za ta sake kamawa ki tashi da toka zalla, ni ranar farko haka ta faru da ni, kaɗan na tsira da shi.

Sai daka a turmi, a tankaɗe da rariya.

Ki dama sitacin rogo da tafasasshen ruwa kamar za ki yi koko mai kauri, kwano ɗaya na sitaci ya ishi kwano goma na garin gawayi. Ki kwaɓa har in kin dunƙula a hannu ya riƙe bai wargaje ba. Ki cusa a gwangwanin tumatir da aka cire wa gindi, ki danna da sanda da ƙarfinki, ki turo shi waje. Shanya a rana kwana 3 zuwa 5, da hunturu ya fi saurin bushewa, da damina sai haƙuri.

Maganar leda kuma, na ga wasu suna narka ledar fiya wata da robobi su haɗa a ciki wai ya fi kama wuta. Don Allah kar ki yi wannan a gawayin girki. Hayaƙin roba guba ne, ke ce a tsugune gaban kurfoti kina fifita, ga goyo a bayanki yana shaƙa, in gashi ne kuma naman ma sai ya ɗauka. Ledar ki tara ta daban ki ba masu saye.

Kuma ko wannan mai tsaftar kar a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da taga don jin ɗumi lokacin sanyi, iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa mutum yana barci.